Yadda za ka saita amfilifayan mota kada ya ƙona maka wufa

Tambayar da aka fi yi mini kan kayan sautin mota ita ce wannan: wai ƙaramin amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, yana ƙona wufa, wato babbar sipikar da ke fitar da bes? Makon jiya ma ƙanen wani abokina ya zo daga Kubwa da Corolla, yana buɗe but warin ƙuna ya bugo ni tun ban sunkuya ba. Wufa ce mai inci 12, watanta biyu kacal. Ya ce, "Yaya, mai shagon ya ce wuta ce ta yi mata kaɗan, wai in ciko kuɗi ya ba ni babban amfilifaya." Na haska tocila a gefen amfilifayan, na tarar an murɗe maɓallin GAIN har ƙarshe, na BASS BOOST ma haka. Na ce masa, "Ƙanena, ko babban ka saya, in wannan hannun ne zai saita shi, sabuwar wufar ma ba za ta ga ƙarshen wata ba."

Ƙarancin wuta shi kaɗai ba ya ƙona wufa. Da yana ƙonawa, da duk wanda ya rage ƙarar rediyo ya yi asara, tunda rage ƙara rage wuta ne. Abu biyu ne ke kashe wufa: zafin da ke gasa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, da motsin da ya wuce iyaka har wani abu ya yage. Wutar da ke shiga wufa, abin da ke zama sauti bai kai kashi 5 cikin 100 ba, sauran duk zafi ne.

To ina laifin ƙaramin amfilifaya ya shigo? Sauti yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, hawa da sauka. Kowane amfilifaya yana da iyakar bolt ɗin da zai iya fitarwa, kamar rufin ɗaki. In aka matsa masa ya wuce rufin, sai kan igiyar ya datse ya zama shimfiɗaɗɗe, abin da masu sana'ar ke kira kilifin. Igiyar da ta datse gaba ɗaya tana ɗauke da wuta ninki biyu na wadda ba ta datse ba. Ke nan amfilifaya mai wat 300 zai iya tura abin da ya doshi 600 a cikin wufa mai ɗaukar 400, ga shi kuma babu sassauci tsakanin bugu da bugu da koyil zai ɗan huce. Wannan amfilifayan dai, in ka haɗa shi da wufa mai wat 1,000, sautin zai yi muni amma koyil zai jure. Mai ƙaramin amfilifaya ya fi faɗawa wannan ramin ne saboda bes bai ishe shi ba, kullum hannunsa na kan ƙari.

Ga yadda ake aikin daga farko.

Kayan aiki

Mitar gwajin wuta irin ta 'yan rewaya, mai auna bolt da om (ma'aunin turjiyar waya ga wuta). Ƙaramar sukundireba mai faɗin baki. Sifana mai lamba 10 don kan batir. Samfefa da salatif. Kalkuletar wayarka. Sai sautin gwaji na 50Hz (kaɗawa 50 a daƙiƙa) a matakin 0dB (cikakken ƙarfi, dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), wanda za ka sauke daga intanet ka zuba a filas ko a waya. Na zaɓi 50Hz ne da dalili: wutar gida a Najeriya 50Hz ce, kuma ko mita mai araha an ƙera ta ne don ta karanta wannan daidai. Ana samun mitar a Banex da ke Wuse II ko wajen masu kayan wutar mota a Apo da Zuba, kuma kuɗin mai arahar bai kai na cika tankin mai sau ɗaya ba.

Mataki na 1: Duba lafiyar wufar da om ɗinta

Kashe komai, cire wayoyin wufa daga amfilifaya. Sa yatsu huɗu a kewayen tsakiyar faifan wufar, ka danna a hankali daidai wa daida. Lafiyayya tana shiga ta dawo shiru. In ka ji ƙarar karce kamar yashi a ciki, koyil ya kumbura ko ya fara warwarewa. In ta ƙi motsi sam, ya narke ya manne.

Sai ka juya mita zuwa alamar Ω ka ɗora bakunanta a kan tashoshin wufar. Koyil mai om 4 yakan nuna tsakanin 3.2 da 3.8, mai om 2 ya nuna wajen 1.7, wannan daidai ne. In mitar ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, wayar ciki ta tsinke.

Yawancin wufofin yanzu koyil biyu gare su, shi ya sa za ka ga tashoshi huɗu. In kowane om 4 ne, haɗa ja da ja, baƙi da baƙi yana ba da om 2. In ka jera su, wato jan ɗaya ya shiga baƙin ɗayan, za ka sami om 8. Masu om 2 biyu kuma suna ba da om 1 ko om 4.

Gargaɗi: kada ka haɗa koyil ɗaya ka bar ɗayan a banza, ƙarfin ɗaukar wufar ya ragu ke nan. Kuma kada ka ba amfilifaya om ɗin da ya gaza wanda aka rubuta masa. Wanda aka ce iyakarsa om 2, in ka ɗora masa om 1, shi ne zai fara mutuwa, wani lokaci ya tafi da wufar.

Mataki na 2: Gano ainihin ƙarfin amfilifayan

A nan aka fi cutar mutane, don haka zan ɗan tsaya. Lambar da aka zana da manyan haruffa a jikin kwali, 3000W ko 5000W, mai ɗauke da MAX ko PEAK ko PMPO, ba da ita ake aiki ba. Wadda kake nema ita ce RMS, wato wat ɗin da yake iya bayarwa a kai a kai, kuma dole a faɗi a kan om nawa ne. Haka ita ma wufar, RMS ɗinta za ka nema a takardarta ko a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Idan amfilifayan ɗan Kwatano ne babu takarda, ko sunan kamfanin bai kwanta maka a rai ba, fis ɗinsa zai faɗa maka gaskiya. Tara lambobin fis ɗin da ke jikinsa, ka ninka da 14, wato bolt ɗin mota lokacin da inji ke aiki. Abin da ya fito shi ne iyakar wutar da zai iya sha. Mai rubutun Class D yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na wannan zuwa ga wufa, mai Class AB kuwa rabi da ɗan ɗoriya.

Na yaron Kubwa an rubuta masa 4000W, amma fis biyu ne a jikinsa masu lamba 15 kowanne. Wato amfiya 30, sau 14 ya ba da 420, a cire asara ya rage wajen wat 340 in an yi masa adalci. Babu yadda za a yi wat 4,000 ya ratsa ta fis mai amfiya 30.

Gargaɗi: in ka ga fis ɗin ba na asali ba ne, ko an naɗa siririyar waya a gurbinsa, lissafin nan ba zai yi aiki ba. Ka cire wayar nan take ka sa fis na gaskiya, domin irin wannan ne ke jawo gobara a mota.

Mataki na 3: Gyara hanyar wuta

Amfilifaya ba ya ƙirƙirar wuta, abin da batir da altaneta suka ba shi yake juyawa. In bolt ɗin mota ya faɗi, rufin nan da na ambata yana saukowa, sai datsewa ta fara tun ƙarar ba ta yi nisa ba.

Cire kan batir na negatif kafin ka taɓa kowace waya. Wasu motocin, musamman Honda masu rediyon kamfani, suna neman lambar sirri bayan an cire batir, ka tabbata kana da ita.

Duba kaurin babbar wayar da ta taso daga batir, ƙaramar lamba ita ce mafi kauri. Mai lamba 8 tana isa har wajen wat 500, mai lamba 4 har wajen 1,000, abin da ya haura nan sai mai lamba 0. Kankare bakin wayar da wuƙa ka gani. In cikin ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma abin da yake ɗauka bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe zalla ba. Wata kuma robar ce mai kauri, zaren cikin ɗan tsurut. In irin wannan kake da ita, ƙara kauri da mataki ɗaya ko ka sauya. Fis na babbar wayar ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45.

Wayar da ke shiga GND, wato ta negatif ɗin amfilifaya, ita ce aka fi yi wa sakaci. Kaurinta ya zama ɗaya da na babbar wayar, ta zama gajera, a ɗaure ta da noti a ƙarfen jikin mota bayan an goge fenti da samfefa har ya yi ƙyalli. Na sha ganin an maƙala ta a ƙarƙashin notin kujera a kan fenti.

Mayar da kan batir, ka auna. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 in inji na kashe, 13.8 zuwa 14.4 in yana aiki. Ka auna a kan batir, ka sake aunawa a tashoshin amfilifaya lokacin da kiɗa ke tashi. In tazarar ta haura rabin bolt, waya ko ɗauri na da matsala.

Mataki na 4: Lissafin bolt ɗin da kake nema

Ɗauki RMS na amfilifaya da na wufa, ka zaɓi ƙaramin cikinsu. Ninka shi da om ɗin da ka haɗa. Sai ka kwantar da wayarka a gicciye kalkuleta ta buɗe, ka danna alamar √ a kan abin da ya fito.

Wat 300 a kan om 4: 1,200, ya ba da bolt 34.6.
Wat 400 a kan om 2: 800, ya ba da bolt 28.3.
Wat 500 a kan om 2: 1,000, ya ba da bolt 31.6.
Wat 600 a kan om 1: 600, ya ba da bolt 24.5.

Yi amfani da om na suna, 4 ko 2 ko 1, ba 3.4 ɗin da mita ta nuna ba. In daga fis ka ƙiyasta ƙarfin amfilifayan, rage bolt biyu daga amsar don ka bar wa kanka sarari. Rubuta lambar a takarda ka ajiye kusa.

Mataki na 5: Mayar da komai sifiri

A rediyo, mayar da BASS da TREBLE tsakiya, kashe LOUDNESS da duk wani abin ƙara armashi. In rediyon yana da matakin wufa na daban, kai shi inda za ka riƙa barinsa mafi sama. A amfilifaya, GAIN ya koma ƙasa gaba ɗaya, BASS BOOST sifiri, LPF (matatar da ke tare siririn sauti) a buɗe har ƙarshe, SUBSONIC (mai tare bes ɗin da ya yi zurfi da yawa) a can ƙasa, don kada su rage sautin gwajin su ruɗe ka.

In kana da ɗan maɓallin bes na hannu da ake ɗaurawa kusa da sitiyari, murɗe shi har ƙarshe yanzu. Mutane da yawa suna saita komai yana tsakiya, daga baya a hanya su ƙure shi, aikin ya tashi a banza.

Gargaɗi: wayoyin wufa su kasance a cire, bakunansu a naɗe da salatif. Cire na sipikun ƙofa su ma, domin sautin 50Hz a babbar ƙara yana iya yaga ƙananan sipiku cikin daƙiƙoƙi.

Mataki na 6: Murɗa GAIN da mita a hannu

Maɓallin GAIN ba na ƙara sauti ba ne. Aikinsa daidaita abin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya ke buƙata don ya kai iyakarsa. Wani rediyon bolt 2 yake fitarwa ta wayar RCA da ke kai sauti ga amfilifaya, wani 4, wani 5. Mai bolt 4 zai iya cika amfilifaya tun maɓallin bai kai rabi ba. Shi ya sa maganar "bar shi a rabi" ko "kai shi kashi uku cikin huɗu" ba ta da tushe, kowace mota da nata.

Tayar da inji a fili, ba cikin rufaffen gareji ba. Kunna sautin gwajin ya riƙa maimaita kansa. Kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu na iyakarsa: in yana tsayawa a 40, kai shi 30, in a 62 ne, wajen 46. Yawancin rediyo suna fara datse sauti da kansu in an haura nan, kuma abin da ya lalace tun daga rediyo amfilifaya ba zai gyara shi ba. In ta Bluetooth ko waya kake jin kiɗa kullum, ta nan za ka yi gwajin, ƙarar wayar a cike.

Juya mita zuwa bolt na AC, mai alamar V da ɗan lanƙwasasshen layi. Ɗora bakunanta a tashoshin da wayar wufa ke shiga. Yanzu sa sukundireba ka murɗa GAIN sannu a hankali, idonka na kan mita. Lambar za ta fara hawa, 5, 11, 18. Tana isa wadda ka rubuta, ɗauke hannunka. Rage ƙarar rediyo, kashe mota, sannan ka mayar da wayoyi.

Gargaɗi: mita ba ta ganin datsewa, bolt kawai take ƙirgawa. In kana murɗawa ka ga lambar ta daina hawa da saurin da ta faro, tana jan ƙafa alhali ba ta kai inda kake nema ba, amfilifayan ya taɓo rufinsa ke nan, ƙarfin da aka rubuta masa ba gaskiya ba ne. Koma baya zuwa inda take hawa lafiya, ka ƙara ragewa kaɗan. In amfilifayanka yana da fitilar CLIP, bi ta: murɗa har ta fara ƙyaftawa, ka dawo har ta mutu. Wanda ya sami mai gyara da ke da osiloskop, na'urar da ke zana igiyar sauti a allo, ya fi kowa dacewa, domin da idonsa zai ga lokacin da kan igiyar ya fara shimfiɗewa.

Kada bakunan mita su haɗu da juna a kan tashoshin, kuma kada ka riƙe ƙarfensu da yatsa. Bolt 30 zuwa 40 yana ja.

Daga yau lambar nan ta rediyo, 30 ko 46, ita ce iyakarka. Ka faɗa wa duk wanda ke karɓar motar.

Mataki na 7: Matatun sauti da BASS BOOST

Kai LPF wajen 80Hz, don muryar mawaƙi ta daina fitowa daga but.

SUBSONIC kuwa ya danganta da akwatin. In rufaffe ne ruf, iskar ciki tana riƙe faifan, ka bar shi wajen 20 zuwa 25Hz. In mai kafar iska ne, wajibi ne ka saita shi. Kowane irin wannan akwati yana da sautin da aka auna shi a kai, galibi tsakanin 30 da 40Hz, kuma ƙasa da wannan sautin akwatin ba ya riƙe faifan ko kaɗan, sai ya riƙa fita da shiga kamar tuta a iska. Sa SUBSONIC kamar 5Hz ƙasa da ma'aunin akwatin. Wannan ita ce mutuwa ta biyu da na ambata, kuma tana samun wufa ko da wutar ba ta kai RMS ɗinta ba. In ka ji "ƙwas ƙwas" kamar ana buga katako, koyil ne ke dukan ƙarfen baya, rage nan take.

Shawarata kan BASS BOOST ita ce a bar shi a sifiri. Kowane ƙarin 3dB yana neman ninkin wuta biyu. Ƙarin 6dB ninki huɗu ne, 12dB kusan ninki 16. Amfilifayan da ka saita ya tsaya daidai bakin iyakarsa ba shi da inda zai samo wannan, datsewa kawai zai yi. In ka nace sai ka sa kaɗan, to sa shi tukuna, sannan ka sake Mataki na 6.

Mataki na 8: Gwaji a hanya

Wurin gwaji na gaskiya a Abuja shi ne gosulon Nyanya zuwa Mararaba da yamma. Inji na tsaye yana juyawa a hankali, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, ga esi, ga fitilu, ga fankar lagireto. Altanetar yawancin ƙananan motoci amfiya 70 zuwa 100 take bayarwa a mafi kyawun hali, motar kanta ta cinye kaso mai yawa. A nan ne za ka ga fitilun gaba suna dusashewa tare da kowane bugun bes. In ka ga haka, bolt na faɗuwa, rage ƙara da mataki uku ko huɗu har hanya ta buɗe.

Bayan minti 15 na kiɗa, tsaya ka buɗe but. Taɓa tsakiyar faifan wufar. Ɗumi ba komai ba ne, zafin da ba ka iya barin hannu a kai alama ce ta wuce gona da iri. Shinshina kafar akwatin. Sabuwar wufa tana ɗan warin gam a kwanakin farko, amma wari mai kaifi irin na ƙonanniyar waya yana nufin fentin koyil ya fara dahuwa.

Ka horar da kunnenka kuma. Bes mai lafiya yana da taushi da zurfi. Wanda ya datse yana yin kauri da ɓurari, kuma za ka lura kana ƙara lambar rediyo amma ƙarfin bai ƙaru ba, ƙazanta ce kawai ke ƙaruwa. Ka yi hattara da waƙoƙin da aka sauke masu tambarin an ƙara musu bes, da yawansu a datse suke tun daga fayil ɗin. Kiɗan amapiano ma, da dogon bes ɗinsa da ba ya sakin koyil ya huta, ya fi kiɗan kalangu ko na gargajiya gasa wufa nesa ba kusa ba, ko da lambar rediyon ɗaya ce.

Zafin gari yana da nasa kason. A watan Maris da Afrilu, motar da ta wuni a rana a filin ajiye motoci na Sakatariya but ɗinta tanda ne, koyil ya riga ya yi zafi tun ba a kunna komai ba. Ba shi minti biyar a ƙaramar ƙara. Kada a shimfiɗa darduma ko kaya a kan amfilifaya, kuma lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe haƙarƙarinsa.

Mataki na 9: Inda ya kamata kuɗinka ya tafi

In ka gama duk wannan ka ji bes bai ishe ka ba, maɓallin GAIN ba shi da sauran abin da zai ba ka. Fara da mafi araha: juya akwatin ya fuskanci bayan mota, toshe duk inda iska ke zurara a jikinsa, gwada maɓallin PHASE tsakanin 0 da 180 ka bar shi inda bes ya fi cika a kujerar direba. Bayan haka waya ta jan ƙarfe zalla, wadda ta fi ta alminiyam tsada sosai amma sau ɗaya ake sayenta. Sai akwatin da aka yi da katako mai kauri bisa ma'aunin da kamfanin wufar ya bayar. Babban amfilifaya shi ne na ƙarshe, kuma ka nemi wanda RMS ɗinsa ya yi daidai da na wufar ko ya ɗara kaɗan, ka saita shi da lissafin wufar. Ka sani ninka wat sau biyu 3dB kawai yake ƙarawa, kunne zai ji bambancin amma ba ninki biyu ba.

Wufar da ta riga ta ƙone ana iya kai ta wajen masu naɗin koyil, kuma ya fi sayen sabuwa sauƙi. Sai dai in ta dawo ka auna om ɗinta kafin ka haɗa, domin sau da yawa wadda ta tafi da om 4 takan dawo da wani abu daban, kuma sabon naɗin ba lallai ya jure zafin na asali ba. Sake lissafin Mataki na 4 da om na suna da ya dace da sabon awon, ka rage wat ɗin da kake ba ta.

In wani ne zai yi maka aikin, tambaye shi kafin ku yi ciniki: "Oga, da mita za ka saita ko da kunne?" Ka tsaya a wurin ka ga lambar da idonka. Yana gamawa, ɗiga jan farce ko farin fenti a kan maɓallin GAIN ya haɗe da jikin amfilifayan, yadda duk ranar da aka taɓa shi a wurin wanki ko wajen bakanike za ka gane da buɗe but.